Ƙawancen Birane: A Leƙa Maraɗi Kafin A Hau Jirgi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato ƙawancen da shugabanninmu suke ƙullawa tsakanin garuruwanmu da biranen ƙasashen waje. Lokaci zuwa lokaci mukan ji a rediyo ko mu karanta a jarida cewa wani gwamna ko wani shugaban ƙaramar hukuma ya dawo daga Sin ko Turkiyya ko Amurka da takardar fahimtar juna a hannu, an ɗauki hotonsa yana musabaha da magajin garin wani birni, an kuma sanar cewa daga yau garin kaza da birnin kaza sun zama 'yan uwa. Daga ranar da aka buga hoton kuwa, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Talakan garin da aka ƙulla zumuncin da sunansa bai san an yi ba, balle ya san sunan sabon ɗan uwan da aka samo masa.

Ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Shekaru da dama da suka wuce, lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare, aka sa ni cikin kwamitin tarbar wasu baƙi Turawa waɗanda aka ce daga garin da ƙaramar hukumarmu ta ƙulla ƙawance da shi suka fito. Mako biyu muka yi muna shiri. Aka shafe azuzuwan da ke kallon titi da farar ƙasa, na baya kuwa aka bar su yadda suke, aka koya wa yara waƙar maraba, aka ɗauko makaɗa. Baƙin su huɗu ne, mutanen kirki masu fara'a, amma ko awa ɗaya ba su yi tare da mu ba aka kwashe su zuwa liyafa. Kafin su tafi, wata dattijuwa daga cikinsu ta ce tana son ɗalibanmu su riƙa musayar wasiƙu da ɗaliban garinsu. Na zaunar da 'yan ajina kowa ya rubuta tasa, wannan ya ba da labarin gonar mahaifinsa, waccan ta kwatanta yadda ake dama fura, na gyara musu Turancin, na kai ofishin da aka ce in kai. Wata shida yaran nan suna tambayata ko amsa ta iso. Bayan an sauke shugaban ƙaramar hukumar an naɗa kantoma, na je ofishin neman wata takarda dabam, sai ga wasiƙun a ƙasan durowa, ɗaure da robar da na ɗaure su da ita, gara har ta fara cin gefensu. Ban ga laifin baƙin ba, domin wataƙila su ma can sun yi ta zuba ido har suka yanke cewa yaranmu ne ba su damu ba.

Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin inda al'adar ta samo asali, kuma abin da na tarar ya sha bamban da abin da muke yi. A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Coventry na Ingila ruwan bama-bamai, suka kashe mutum fiye da 500, suka ƙone babbar majami'ar garin. Bayan shekara biyu sai labari ya riƙa iso wa mutanen garin cewa wani birni na Tarayyar Sobiyet mai suna Stalingrad, wanda yanzu ake kira Volgograd, yana cikin bala'in da ya fi nasu nesa ba kusa ba, domin a cikin titunansa da gidajensa aka gwabza yaƙi tun daga Agusta 1942 har zuwa farkon Fabrairu 1943. Matan Coventry ba su jira umarnin gwamnati ba. Su 830 suka haɗu, kowace ta ba da sisi, wato rabin sule, aka ɗinka sunanta da zare da allura a jikin wani ƙyallen shimfiɗa a tebur, aka aika da ƙyallen da kuɗin zuwa ga mutanen da ba su taɓa gani ba, waɗanda ko harshensu ba sa ji. Sai a 1944 hukumomin biranen biyu suka bi sawun matan suka ƙulla abota a rubuce. Ina so mai karatu ya lura da yadda abin ya jeru: jama'a ne suka fara, takarda ta biyo baya. Mu kuwa takardar muke fara sa wa hannu, sannan mu manta da jama'ar.

Abin da Coventry ta yi daga baya ya fi wannan wuya, domin jajanta wa abokin da kuke yaƙi a sahu ɗaya ba abin mamaki ba ne. A 1959 ta ƙulla ƙawance da Dresden, birnin Jamus da jiragen Ingila da Amurka suka ragargaza a Fabrairu 1945. Samarin Jamus suka zo Coventry suka yi aikin gini da hannunsu a cikin kangon majami'ar da jiragen ƙasarsu suka ƙone, samarin Ingila kuma suka tafi Dresden suka taya sāke gina wani asibiti. Wanda ya ɗauki bulo tare da ɗan mutumin da ya rusa masa gida, suka ci abinci a kwano ɗaya, suka kwana a ɗaki ɗaya, da wuya wani ɗan siyasa ya sāke shawo kansa ya ɗauki bindiga a kan wannan mutumin. Manufar ke nan tun asali, kuma ba ta da alaƙa da neman kwangila ko yawon sayayya.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Faransa da Jamus, kuma a kansa ne zan gina shawarata. Ƙawance na farko tsakanin garuruwan ƙasashen biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ƙulla shi ne a 1950, tsakanin Montbéliard na Faransa da Ludwigsburg na Jamus. Magajin garin Montbéliard na lokacin, Lucien Tharradin, mutum ne da Jamusawa suka tsare a sansanin azaba na Buchenwald, amma duk da haka shi ya miƙa hannu. Ba a kuma zaɓi garuruwan nan biyu da ka ba. Montbéliard ya yi kusan shekara 400 a ƙarƙashin gidan sarautar Württemberg na Jamus, ita kuma Ludwigsburg garin sarakunan wannan gida ce, saboda haka tsohuwar dangantaka ce aka tono aka karkaɗe mata ƙura. Bayan shekara goma sha uku, a ranar 22 ga Janairu 1963, Shugaba de Gaulle na Faransa da Shugaban Gwamnati Adenauer na Jamus suka sa hannu a yarjejeniyar abota ta Élysée, aka kafa hukumar musayar matasa wadda ta kai miliyoyin yaran wannan ƙasa gidajen waccan, kuma a yau garuruwan Faransa da Jamus fiye da 2,000 ne ke da irin wannan alaƙa. Maƙwabta ne, iyaka ɗaya ce ta raba su, ana zuwa a mota ko jirgin ƙasa a dawo, shi ya sa abin ya ɗore. A Amurka kuwa Shugaba Eisenhower ne ya kira taro a fadarsa a 1956 don ƙarfafa hulɗar jama'a da jama'a, daga nan ƙungiyarsu ta ƙawancen birane ta tsiro, kuma ta wannan hanya ce Legas ta haɗu da Atlanta a 1974, Akara ta haɗu da Chicago a 1989.

Su Turawa tagwaye suke kiran irin waɗannan birane, Amurkawa kuma su ce 'yan uwa mata. Ni dai a ganina kalmar ƙawance ta fi dacewa, domin iyayenmu mata sun riga kowa sanin ƙa'idarsa. Idan mace ta ga wadda hankalinta ya kwanta da ita, takan aika mata da goro da 'yan kuɗi tana neman ƙawance, idan an karɓa kuwa, to, biki ya shiga tsakani ke nan: abin da ƙawa ta kawo ranar sunan ɗanki, ke za ki mayar mata da ninkinsa ranar da nata bikin ya tashi. Ƙawar da kullum ita ce mai karɓa, ba ta taɓa ramawa ba, ta tashi daga ƙawa ta koma 'yar neman taimako, kuma duk unguwa ta san haka ko da ba a faɗa mata ba. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna duk wata takarda da aka sa wa hannu da sunanmu.

'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu nisa a wannan fage, domin garuruwansu da yawa sun daɗe da ƙawaye a Faransa: Tasawa tana da Conflans-Sainte-Honorine, Dogon Dutsi tana da Orsay, Tilaberi tana da Juvisy-sur-Orge. Wata doka da Faransa ta yi a 2005 ta ba ƙananan hukumominta damar ware har kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da ke cikin kasafinsu na ruwa don aikin ruwa da tsafta a ƙasashen waje, shi ya sa rijiyoyi da famfuna da makewayi suka yi yawa a cikin abin da irin wannan ƙawance ya haifar. Ba zan raina wannan ba, domin matar da ta huta da tafiyar awa biyu zuwa ɗiban ruwa ba ta buƙatar wani malami ya zo ya gaya mata cewa famfon na mulkin mallaka ne. Amma gaskiya ɗaya ce, hanyar gefe guda take gangarawa. Su ne ke zuwa, mu ne ke tarba. Su ne ke kawowa, mu ne ke yin jawabin godiya. Ɗan garinsu yana yanke shawara yau ya iso mako mai zuwa, ɗan garinmu kuwa sai ya yi wata da watanni yana bin layin biza, a ƙarshe a ce ba a gamsu zai dawo gida ba. Musayar al'adu da mutum ɗaya ne kawai yake iya shiga gidan ɗan uwansa ba musaya ba ce.

Tamale ta ƙasar Gana, inda muke da dangi da yawa a zango, ta nuna cewa akwai yadda ake ramawa ko da aljihu bai kai ba. Tun 1979 take ƙawance da Louisville ta jihar Kentucky a Amurka, kuma a 1995 sarakunan Dagomba suka naɗa wata malamar tarihi ta jami'ar Louisville sarautar Zo-Simli Na, wadda ma'anarta ta shafi zumunci da abota, saboda ɗawainiyar da ta yi da alaƙar. Wato sun ba ta abin da kuɗi ba ya saye, suka kuma ɗora mata nauyin da ba ya ƙarewa da ƙarewar wa'adin wani ɗan siyasa. Mu ma ba matsiyata ba ne a wannan fanni. Muna da marinar Ƙofar Mata, muna da jima da dukanci, muna da ginin tubali da zanen soro, muna da rubuce-rubucen ajami da ke jibge a gidajen malamai, muna da bikin kamun kifi na Argungu da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016 da hawan dabar Kano da ta sa a 2024. Matsalar ita ce masu tafiya da sunanmu ba da waɗannan suke tafiya ba, da ƙoƙon bara suke tafiya, an dai naɗe shi a cikin babbar riga.

Akwai kuma wata matsala ta tsarin mulki da ban taɓa jin an tattauna ta ba. Idan birnin waje ya ce zai yi ƙawance da Kano, da wa zai yi? Birnin Kano da kewayensa ƙananan hukumomi takwas ne, Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, kuma babu wani magajin gari ɗaya da jama'a suka zaɓa ya yi magana da yawunsu duka. Sai gwamna ya sa hannu, alhali shi jiha yake mulki, idan ya sauka kuma magajinsa ba ya ko son jin sunan abin da ya bari. Ƙananan hukumominmu 774 sun daɗe ba su da ikon kuɗinsu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, a kuma daina rushe zaɓaɓɓu ana naɗa kantomomi. A Nijar ma hukumomin soja sun rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024 suka naɗa masu riƙo. Duk alaƙar da aka rataya a wuyan kujera, ranar da mai kujerar ya tashi za ta faɗi, kamar yadda wasiƙun ɗalibaina suka faɗa ƙasan durowa. A wuraren da abin ya yi ƙarko, za ka tarar ƙungiyar mutanen gari ce ke riƙe da shi, malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan jinya da tsofaffin ma'aikata, suna da ma'ajinsu, suna karɓar kuɗin ƙa'ida, suna taro ko hukuma ta zo ko ba ta zo ba.

Siyasar manya ma ba ta ƙyale irin wannan zumunci. Osaka ta Japan ta yanke alaƙarta da San Francisco ta Amurka a 2018, bayan shekara sittin, saboda wani mutum-mutumi da aka kafa don tunawa da matan da sojojin Japan suka tilasta wa lalata a lokacin yaƙi. Ita kanta Coventry ta dakatar da ƙawancenta da Volgograd a 2022 bayan Rasha ta shiga Yukren, abin da ni a ra'ayina kuskure ne, domin ranar da gwamnatoci suka daina magana da juna ita ce ranar da aka fi buƙatar talakawa su ci gaba da yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Faransa ta dakatar da tallafinta cikin 'yan kwanaki, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, tafiye-tafiye suka yi wuya. Alaƙar da jirgin sama da biza da kasafin wata gwamnati ne kaɗai ke riƙe da ita, igiyarta ba ta da kauri.

Shi ya sa nake cewa a fara da gida. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita ɗari ba ta hanyar Jibiya. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta ce ta yi arewa ta kafa mulki a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake kiranta, kamar yadda Sarkin Gobir yake zaune a Tsibiri kusa da ita. An yi gaba, an yi yaƙe-yaƙe kusan ƙarni guda, sannan Turawa suka zo suka ja layi tsakani, wannan ya koma Ingilishi, wancan ya koma Faransanci. Idan Montbéliard da Ludwigsburg sun ga dalilin tono tsohuwar sarautar da ta haɗa su, mu da muke da harshe ɗaya da addini ɗaya da auratayya da kasuwa ɗaya me muke jira? Haka Daura da Damagaram suke, haka Illela da Birnin Ƙonni, haka Maigatari da Magarya, haka Kamba da Gaya. Wani zai ce ai waɗannan sun riga sun zama 'yan uwa, ba sa buƙatar takarda. Gaskiya ne dangi suna zuwa biki da ta'aziyya, fatake suna kai da kawowa. Amma makarantar Katsina ba ta san makarantar Maraɗi ba, asibiti bai san asibiti ba, jami'in gona bai san takwaransa ba, kuma yaron da ya tashi a cikin birni yau ya fi sanin unguwannin Landan ta wayarsa fiye da sanin cewa a Maraɗi ana hawan salla.

Mun ga amfanin wannan dangantaka a lokacin wuya, mun kuma ga illar rashin tsara ta. Tun daga 2019, da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubun dubatan mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, kuma kafin wata hukumar agaji ta iso, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu gidajensu suka raba ɗan geron da ke rumbu. Wace ƙaramar hukuma ce daga cikin namu ta tashi takanas ta je ta yi musu godiya a bainar jama'a? A gefe guda kuma, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023 da aka yanke wa Nijar wutar lantarki aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, babu wata murya ɗaya ta garuruwan iyaka da za ta je Abuja ko Yamai ta ce ga halin da marasa lafiya da 'yan kasuwa da ɗalibai suke ciki. Kowa ya yi kukansa shi kaɗai a tasha. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, mazauninta a Yamai, amma ta gwamnatoci ce, kuma idan gwamnatocin suka yi fushi da juna ita ma shiru take yi. Na san harkar waje a tsarin mulkinmu ta gwamnatin tarayya ce, kuma ba ina cewa ƙaramar hukuma ta ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ne. Ziyarar makaranta da taron manoma ba su taɓa buƙatar amincewar majalisar dattawa ba.

Abubuwan da za a yi ba masu tsada ba ne. Makarantunmu suna fama da ƙarancin malaman Faransanci, nasu kuma suna neman malaman Ingilishi, musamman yanzu da kundin da Nijar ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Me zai hana malami ya je can zango ɗaya na karatu, takwaransa ya zo nan, kowa ya sauka a gidan ɗan uwansa? Ɗalibai za su yi muhawara da kacici-kacici da Hausa ba tare da tafinta ba, su ma gano cewa harafin da mu muke rubutawa 'y su ƴ suke rubuta shi, su yi dariyar cewa mu muna cewa mako ko sati da mota da makaranta, su kuma suna da kalmomin da suka aro daga Faransanci waɗanda mu ba mu taɓa ji ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ƙasa iri ɗaya suke nazari, damina iri ɗaya, ƙwari iri ɗaya. Gulbin Maraɗi a Nijeriya yake tasowa, ya ratsa Nijar, ya sāke dawowa Nijeriya, kuma madatsar ruwan Jibiya tana bisa kansa, saboda haka mai noman rani a can yana da ruwa da tsaki a kan ranar da za a buɗe ruwa a nan. Ƙasashen biyu sun sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan rabon irin waɗannan ruwaye, amma ina shakkar ko akwai manomi ɗaya a bakin gulbin da aka taɓa zaunar da shi da takwaransa na ƙetare a kan maganar. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon dabbobi ba sa tsayawa a shingen kwastan. Ga kokowa, wadda Nijar ta mayar gasar ƙasa tun 1975, ga dambe da muka fi su raya shi. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, wanda duk ranar da aka gama shi zai haɗa garuruwan da ƙarfe, ko mutanensu sun shirya ko ba su shirya ba.

Masarautu ne ya kamata su zama iyayen wannan tafiya, domin su ne ba sa sauka bayan shekara huɗu, kuma sun san hanyar tun da daɗewa. Bikin Argungu kansa ya samo asalinsa na zamani ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi. Wasan barkwanci da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Fulani da Barebari, dabara ce ta kakanninmu ta mayar da tsohon rikici abin raha, kuma Nijar ta kai nata gaban UNESCO an karɓa a 2014, mu muna nan muna kallonsa kamar abin tsofaffi. Na yarda hanyar Jibiya ba ta da cikakken aminci a 'yan shekarun nan, kuma ba zan ce uba ya saki ɗansa a kanta da ka ba. Amma motocin haya ba su daina bin ta ba, kuma inda tafiya ta yi wuya ana iya farawa da wasiƙa da waya da shirin rediyo na haɗin gwiwa kafin Allah ya kawo sauƙi.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙin ƙawance da na nesa. Idan 'yan Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sayen kaya su ne za su zauna a kwamitin, su faɗi abin da ke damunsu na masauki da tafinta da sasanta rikicin ciniki, to, ƙawance da wannan birni yana da ma'ana, domin ƙafa ta riga ta buɗe hanyar. Haka nan Kumasi da Salaga na ƙasar Gana da kakanninmu suka yi fataucin goro da su, da Mai Wurno ta bakin Kogin Nilu a Sudan, wadda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓi birni don kyan otal-otal ɗinsa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka tura wakilanka su bi gidajen gwamnatocin jihohinmu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi su nemi jerin duk wani ƙawance da aka ƙulla cikin shekara ashirin da suka wuce, su tambayi nawa aka kashe a tafiyar, su wa suka je, da kuma sunan makaranta ko asibiti ko kasuwa ɗaya da za a iya zuwa a ga abin da ya biyo baya, sannan ka buga mana amsar yadda aka ba da ita, har da inda aka ƙi amsawa. Wasiƙun ɗalibaina kuwa na roƙi masinjan ofishin ya ba ni, suna nan a akwatina, masu su yanzu duk iyaye ne. Idan akwai shugaban wata makaranta a Maraɗi ko Tasawa ko Damagaram da ya karanta wannan, ya aiko da amsa ta hannun jaridarka. Zan nemi 'ya'yan waɗancan ɗalibai su rubuta sababbi, da Hausa wannan karon, kuma ni da kaina zan shiga motar Jibiya in kai su.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka kullum,
wani malamin makaranta mai ritaya, daga jihar Katsina.